Tambayoyi da Amsoshi kan Zaɓen Majalisun Gundumomi a Amurka da Yadda Jam'iyyu Biyu Suke Aiki Tare

Idan ana maganar siyasar Amurka, hankalin masu bin labarai yakan tafi ne ga fadar shugaban ƙasa da Majalisar Dokoki ta tarayya, inda 'yan Dimokurat da 'yan Rifablikan suka daɗe ba sa ga maciji da juna. Sai dai akwai wani matakin mulki a can ƙasa, wato gunduma, inda 'ya'yan waɗannan jam'iyyu biyu suke zama a teburi ɗaya mako bayan mako, suna yanke shawara kan haraji da gidan yari da gadoji da ƙidayar ƙuri'u. Tambayoyin da ke tafe sun shafi yadda ake zaɓen waɗannan mutane, da abin da yake sa su haɗa kai, da kuma wuraren da haɗin kan yake wargajewa.

Mece ce gunduma a tsarin mulkin Amurka, kuma mene ne aikin majalisarta?

Gunduma, wadda Amurkawa suke kira kawunti, yanki ne na mulki da yake ƙarƙashin jiha, kuma a mafi yawan wurare yana ƙunshe da birane da garuruwa waɗanda su ma suke da nasu hukumomin. Akwai gundumomi sama da 3,000 a faɗin ƙasar, amma rabonsu bai zo daidai ba, domin jihar Teksas tana da 254, ita kuwa Delaware 3 kacal take da su. Haka ma yawan jama'a: gundumar Los Angeles tana da mutane kimanin miliyan 10, alhali ƙidayar 2020 ta sami mutum 64 ne kawai a gundumar Loving da ke Teksas. Jihar Connecticut ma ta rushe gwamnatocin gundumominta tun 1960.

Majalisar gunduma ita ce take tsara kasafin kuɗi, ta ƙayyade harajin gidaje da filaye, ta amince da kwangiloli, ta naɗa shugabannin ma'aikatu. Ayyukan da ke wuyanta sun bambanta daga jiha zuwa jiha, amma galibi sun haɗa da ɗaukar nauyin kotuna da gidan yari, kula da yaran da aka ci zarafinsu ko aka yi watsi da su, lafiyar jama'a, layin kiran gaggawa na 911, adana takardun mallakar filaye, da gudanar da zaɓe. Wannan na ƙarshe shi ne ya fito da gundumomi fili a 'yan shekarun nan, domin a Amurka babu hukumar zaɓe ta ƙasa da take shirya zaɓe ta kuma ƙirga ƙuri'u. A yawancin jihohi ma'aikatan gunduma ne suke buga takardun ƙuri'a, su buɗe rumfuna, su ƙirga, ko da zaɓen na shugaban ƙasa ne.

Yaya ake zaɓen 'yan majalisar?

Kowace jiha da salonta. A Kalifoniya gunduma takan zaɓi wakilai biyar, kowanne daga mazaɓarsa, kuma ba a rubuta sunan jam'iyya a gefen sunan ɗan takara. A Teksas ana zaɓen kwamishinoni huɗu daga mazaɓu huɗu, sannan gunduma baki ɗaya ta zaɓi na biyar wanda yake shugabantar zama, kuma duka suna tsayawa ne da tutar jam'iyya. A Wisconsin majalisun suna da girma, wasu sun haura mutum 30, ana zaɓensu a watan Afrilu ba tare da sunan jam'iyya ba. Gundumar Cook, inda birnin Chicago yake, tana da kwamishinoni 17 da kuma shugaba.

Inda ake zaɓe ta mazaɓu, doka ta wajabta yawan mutanen mazaɓun ya yi kusa da juna. Wannan ya samo asali ne daga hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1968 a shari'ar gundumar Midland ta Teksas, inda mazaɓa ɗaya mai mutane sama da 67,000 take da kwamishina ɗaya, sauran mazaɓu uku na karkara kuwa, waɗanda babu wadda ta kai mutum 1,000, kowacce ita ma tana da kwamishina ɗaya. Kotun ta ce ƙuri'ar mutumin birni da ta mutumin ƙauye dole su yi nauyi ɗaya a zaɓen gunduma, kamar yadda suke a zaɓen majalisar jiha.

Me ya sa ake yawan kawo misali da jihar Pennsylvania idan ana maganar zaman jam'iyyu biyu?

Saboda a can kundin tsarin mulkin jiha ne da kansa ya tanadi kujera ga wanda bai yi rinjaye ba. Jihar tana da gundumomi 67, kuma a mafi yawansu kwamishinoni uku ne suke riƙe da mulki na tsawon shekara huɗu. Kowace jam'iyya tana tsayar da 'yan takara biyu, mai jefa ƙuri'a ba zai zaɓi fiye da mutum biyu ba, sannan mutum uku da suka fi samun ƙuri'u su ne suka ci. Sakamakon wannan lissafi a bayyane yake: komai ƙarfin jam'iyya a gunduma, ba za ta iya tsayar da wanda zai cike kujera ta uku ba. Gundumar da kashi 70 cikin 100 na masu zaɓenta 'yan Rifablikan ne za ta wayi gari da ɗan Dimokurat a majalisarta, haka kuma abin yake idan an juya. Tsarin ya daɗe, domin ya shiga kundin jihar ne tun wanda ya fara aiki a 1874.

An kuma toshe wata kafa da za a iya bi a ƙwace kujerar. Idan kwamishina ya rasu ko ya ajiye aiki, kotun gunduma ce take naɗa wanda zai ƙarasa wa'adinsa, kuma wajibi ne wanda aka naɗa ya fito daga jam'iyyar da wancan yake ciki lokacin da aka zaɓe shi.

Gundumomi ƙalilan sun rubuta nasu tsarin mulkin na cikin gida, suka fita daga wannan ƙa'ida. Allegheny, inda birnin Pittsburgh yake, ta koma tsarin shugaba mai zartarwa da majalisa mai mutum 15 tun shekarar 2000, amma ta ware kujeru biyu da ake zaɓa daga gunduma baki ɗaya, kuma jam'iyya ɗaya ba ta iya cin duka biyun. Gundumar Delaware da ke gefen Filadelfiya ba ta yi irin wannan tanadi ba, shi ya sa majalisarta mai mutum biyar ta yi shekaru masu yawa a hannun 'yan Rifablikan zalla, kafin 'yan Dimokurat su ci kujeru biyu a 2017, sannan zaɓen 2019 ya mayar da ita tasu zalla.

Mutum ɗaya a gaban mutum biyu, wane tasiri zai iya yi?

Idan ƙuri'a kaɗai za a duba, tasirinsa kaɗan ne, domin biyu sun rinjayi ɗaya a kowane lokaci. Amma wanda ya taƙaita darajar kujerar a kan ƙuri'a bai fahimci amfaninta ba. Kwamishinan adawa yana da ofis a ginin gunduma, yana karɓar takardun kasafin kuɗi da na kwangila kafin zama, yana zama a kwamitin albashi da na kuɗin fansho da na gidan yari, kuma yana da damar ya yi wa shugaban kowace ma'aikata tambaya a gaban 'yan jarida. Idan aka kawo kwangilar gyaran gada aka ce kamfani ɗaya ne kawai ya nemi aikin, shi ne zai ɗaga takardar ya tambayi yaushe aka tallata aikin, a ina aka tallata shi, kuma me ya sa kuɗin ya zarce abin da injiniyan gunduma ya ƙiyasta. Ko da an kayar da shi a ƙuri'a, tambayarsa da amsar da aka ba shi sun shiga kundin zama, kuma kowane ɗan gunduma zai iya neman ya karanta.

A ganina wannan shi ne ainihin ribar tsarin. Masu rinjaye da suka san cewa abokin hamayyarsu zai ga kowace takarda sukan yi taka-tsantsan tun kafin su rubuta ta. Akwai kuma wani abu na biyu da ba a cika lura da shi ba, wato kujerar tana hana jam'iyyar da ta faɗi zaɓe mutuwa a gundumar, domin tana da mutum guda da ya san yadda ake tafiyar da mulki, wanda zai iya jagorantarta ranar da jama'a suka sauya ra'ayi.

An taɓa ganin ɗan jam'iyya mai rinjaye ya haɗa kai da ɗan adawa ya bar nasa?

An gani, kuma labarin gundumar Montgomery, wadda hedikwatarta take Norristown a arewa maso yammacin Filadelfiya, shi ne ya fi shahara. A zaɓen 2007 'yan Rifablikan biyu suka ci, wato Bruce Castor, tsohon babban mai gabatar da ƙara na gundumar wanda ya fi kowa ƙuri'u, da Jim Matthews. Kujera ta uku ta tafi ga Joe Hoeffel na Dimokurat, tsohon ɗan Majalisar Wakilai ta tarayya. Da aka zo rantsuwa a farkon 2008, sai Matthews ya ƙulla yarjejeniya da Hoeffel, shi ya zama shugaba, Hoeffel ya zama mataimaki, aka bar Castor shi kaɗai duk da cewa jam'iyyarsa ce ta ci zaɓe. Jam'iyyar Rifablikan ta gundumar ta tsawatar wa Matthews a hukumance, kuma aka shafe shekara huɗu ana cacar baki a zaman majalisar.

Masu kare wannan yarjejeniya sun kira ta haɗin kan jam'iyyu biyu, amma yana da wuya a yarda da wannan suna ba tare da sharaɗi ba. Mutum biyu ne suka raba muƙamai a tsakaninsu domin su mayar da na uku saniyar ware, kuma masu zaɓe ba su san da shirin ba lokacin da suke jefa ƙuri'a.

Abin da ya biyo baya ya fi dacewa da sunan. A zaɓen 2011 Josh Shapiro da Leslie Richards na Dimokurat suka karɓe rinjaye, karo na farko cikin shekaru sama da 100, Castor kuma ya dawo a matsayin ɗan adawa na gaske. Maimakon Shapiro ya ware shi, sai ya riƙa shigar da shi cikin shawara, har mafi yawan ƙudurorin majalisar suka riƙa wucewa da amincewar su ukun, kuma Castor da kansa ya fito ya yaba wa Shapiro a bainar jama'a. Daga baya hanyoyinsu suka rabu nesa, domin Shapiro ya zama babban lauyan jiha a 2017 sannan gwamna a 2023, shi kuwa Castor yana cikin lauyoyin da suka kare Donald Trump a shari'ar tsige shi a gaban Majalisar Dattawa a watan Fabrairun 2021. Wannan ya nuna cewa ba ra'ayinsu na siyasa ne ya zo ɗaya ba, aikin gunduma ne suka yarda su yi tare.

Me ya sa haɗin kai ya fi sauƙi a gunduma fiye da a Majalisar Dokoki ta tarayya?

Dalili na farko shi ne yanayin aikin. Mafi yawan abin da yake zuwa gaban kwamishinoni ba shi da launin jam'iyya: sayen motocin ɗaukar marasa lafiya, sabunta kwangilar abincin fursunoni, gyaran rufin kotu, ƙarin ma'aikata a ofishin kula da yara. Da yawa daga cikin waɗannan ayyuka ma jiha ce ko gwamnatin tarayya ta ɗora wa gunduma su, tare da kuɗin da aka ƙayyade inda za a kashe shi, saboda haka filin jayayya ƙarami ne. Dalili na biyu shi ne doka ba ta bar gunduma ta tsara kasafin da kuɗin kashewa ya fi na shiga ba, kuma akwai ranar da dole a kammala shi. Na uku shi ne kusanci. Kwamishina yana sayayya a kantin da masu zaɓensa suke sayayya, 'ya'yansa suna makarantar da 'ya'yansu suke, kuma wanda gadar ƙauyensu ta lalace ba ya tambayar jam'iyyar wanda zai gyara ta.

An ga wannan sosai bayan 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta ware dala biliyan 65.1 kai tsaye ga gundumomi domin farfaɗowa daga annobar korona. Babu ɗan Rifablikan ko ɗaya da ya goyi bayan dokar a Majalisar tarayya, amma a gundumomi kwamishinonin jam'iyyun biyu ne suka zauna suka raba kuɗin a kan ruwan sha da shimfiɗa layin intanet a karkara da tallafin ƙananan 'yan kasuwa.

Shin kwamishinoni za su iya sasantawa a ɓoye su zo su sanar da jama'a kawai?

Doka ta hana. Kowace jiha tana da dokar da ta wajabta yin zaman hukuma a buɗe, kuma ta Pennsylvania, wadda aka kafa a 1986, ta ce duk tattaunawar da adadin da zai iya yanke hukunci ya yi kan aikin hukuma dole ta kasance a gaban jama'a. A majalisa mai mutum uku, mutum biyu sun cika wannan adadi. Ma'anar haka ita ce kwamishinoni biyu da suka zauna shan shayi suka daidaita matsayinsu kan kasafin kuɗi suna iya faɗawa cikin saɓa doka. Gyaran da aka yi wa dokar a 2021 ya ƙara da cewa a wallafa ajandar zama aƙalla awa 24 kafin a zauna. An yarda a rufe ƙofa ne kawai a kan batutuwa ƙayyadaddu, kamar shari'ar da ke gaban kotu, ko al'amarin wani ma'aikaci, ko cinikin fili, kuma ko a nan ƙuri'ar ƙarshe a fili ake kaɗa ta.

Wannan ƙa'ida tana da nauyi a kan masu son sulhu, domin sulhu yakan so sirri, kuma ɗan siyasa ba ya son ya sassauta matsayinsa a gaban kyamara. Duk da haka ƙa'idar tana kan daidai, saboda yarjejeniyar da ba za ta iya jure idon jama'a ba, ko tsakanin jam'iyya ɗaya aka ƙulla ta ko tsakanin biyu, abin tuhuma ce.

A ina haɗin kan ya fi shan gwaji?

A wajen tabbatar da sakamakon zaɓe. Shekaru da dama wannan aiki ne na sa hannu da ba ya ɗaukar minti goma, amma tun daga 2020 ya zama wurin da ake gane wanda zai tsaya kan doka da wanda zai bi matsin lambar jam'iyyarsa.

Gundumar Maricopa ta jihar Arizona, inda birnin Phoenix yake, tana da mutane sama da miliyan 4, kuma a 2020 majalisarta tana da 'yan Rifablikan huɗu da ɗan Dimokurat ɗaya, Steve Gallardo. Joe Biden ya ci jihar da ratar ƙuri'u 10,457. Duk da matsin lambar da magoya bayan Trump suka yi musu, su biyar ɗin suka tabbatar da sakamakon gundumar baki ɗaya a watan Nuwamba, ƙarƙashin shugabancin Clint Hickman na Rifablikan. Masu zanga-zanga suka yi cincirindo a ƙofar gidan Hickman, aka riƙa aika masa da barazanar kisa, har kotu ta ɗaure wani mutum daga jihar Iowa a kan haka. A 2021 Majalisar Dattawan jihar ta ɗauko wani kamfani mai suna Cyber Ninjas ya sake ƙirga ƙuri'un gundumar, kuma rahotonsa na watan Satumba ya nuna cewa ratar Biden ƙaruwa ma ta yi da ƙuri'u 360. Amma tsayuwar ta zo da tsada. Bill Gates, ɗaya daga cikin 'yan Rifablikan ɗin, wanda ba shi ne attajirin kamfanin Microsoft ba, ya bayyana cewa barazanar ta taɓa lafiyar ƙwaƙwalwarsa, kuma shi da Hickman ba su sake tsayawa takara a 2024 ba. Jack Sellers, wanda ya sake nema, ya faɗi a zaɓen fid da gwani na jam'iyyarsa.

A gundumar Cochise, ita ma a Arizona, abin ya bi wata hanya. Bayan zaɓen 2022 'yan Rifablikan biyu na majalisar mai mutum uku suka ƙi tabbatar da sakamako har wa'adin doka ya wuce, duk da adawar Ann English ta Dimokurat, sai da alƙali ya ba da umarni sannan aka tabbatar ranar 1 ga Disamba. An gurfanar da su biyun a 2023, kuma ɗaya daga cikinsu, Peggy Judd, ta amsa ƙaramin laifi a 2024.

Kada a ɗauka jam'iyya ɗaya ce kawai take wannan kuskure. A watan Nuwamban 2024, lokacin da takarar sanata tsakanin Bob Casey na Dimokurat da Dave McCormick na Rifablikan ta yi kusa sosai a Pennsylvania, kwamishinonin Dimokurat biyu na gundumar Bucks suka kaɗa ƙuri'ar a ƙirga wasu ƙuri'un da hukuncin kotu ya riga ya ce ba sa cikin lissafi, ɗan Rifablikan Gene DiGirolamo kuma ya ƙi amincewa. Kotun Ƙolin jihar ta sake ba da umarnin a daina, kuma ɗaya daga cikin 'yan Dimokurat ɗin, Diane Ellis-Marseglia, ta nemi afuwa kan kalaman da ta yi a lokacin. A Cochise da Bucks duka, wanda ya tsaya kan doka shi ne mutum ɗayan da ke gefen marasa rinjaye.

'Yan adawa suna iya tsayar da aiki gaba ɗaya?

A wasu jihohi suna iyawa, a kan batutuwa na musamman. Dokar Teksas ta ce ba za a ƙayyade haraji ba sai mutum huɗu cikin biyar suna zaune. A gundumar Harris, inda birnin Houston yake, 'yan Dimokurat suna da uku bayan zaɓen 2018, sai 'yan Rifablikan biyu suka ƙaurace wa zama a 2019 domin su hana ƙarin haraji, kuma suka yi nasara. Sun maimaita hakan a 2022, aka shafe makonni kujerunsu babu kowa, har gundumar ta koma kan kasafin da ya gaza abin da masu rinjaye suka tsara. A zaɓen Nuwamban 2022, bayan an sake shata mazaɓu, ɗaya daga cikinsu, Jack Cagle, ya rasa kujerarsa, rinjayen ya zama huɗu da ɗaya, makamin ƙauracewa kuma ya faɗi. Hakkinsu ne a doka, amma makami ne da yake barin ma'aikatan asibiti da masu aikin magance ambaliya cikin rashin tabbas, kuma Houston gari ne da ya san ambaliya.

Da a cire sunan jam'iyya daga takardar ƙuri'a, ba a huta ba?

Cire sunan yana rage wani abu, amma ba ya kawar da jam'iyya. A Kalifoniya da Wisconsin da Minnesota kowa ya san jam'iyyar da take mara wa ɗan takara baya, domin ita take tara masa kuɗi ta kuma tura masa masu bi gida-gida. Akwai ma illar da ke tattare da hakan, wato mai zaɓen da bai san 'yan takara ba ya rasa alamar da zai dogara da ita, sai ya zaɓi sunan da ya saba ji ko ya tsallake gurbin. Bugu da ƙari, tsarin ba ya tabbatar wa marasa rinjaye kujera ko ɗaya.

Shin tsarin kujerar adawa ba shi da aibu?

Yana da shi. Na farko, a gundumar da jam'iyya ɗaya ta yi kaka-gida, 'yan takara biyu na ƙaramar jam'iyya sun san cewa kujera ɗaya ce tasu, don haka takararsu ta gaskiya tsakaninsu take, kuma hakan yakan haifar da gaba a cikin gida. Na biyu, ɗan adawa yana iya sabawa da kujerarsa ya daina adawa, ya karɓi 'yan muƙamai ga mutanensa ya yi shiru, sai ƙuri'ar amincewa baki ɗaya ta zama alamar rufa-rufa maimakon alamar fahimtar juna. Saboda haka yawan ƙudurorin da suka wuce ba tare da saɓani ba bai isa ya zama ma'aunin lafiyar majalisa ba, sai an duba ko ana yin tambayoyi kafin a amince.

Na uku, dokar ba ta ce kujerar ta babbar jam'iyya ta biyu ba ce, cewa kawai ta yi jam'iyya ɗaya ba za ta kwashe duka ba. A majalisar birnin Filadelfiya, inda aka ware kujeru biyu ga marasa rinjaye, 'yan Rifablikan ne suka riƙe su shekaru da dama, har Kendra Brooks ta ƙaramar jam'iyyar Working Families ta ci ɗaya a 2019, jam'iyyar kuma ta haɗa duka biyun a 2023. Masu suka suna cewa wannan jam'iyya ƙawar Dimokurat ce, don haka manufar tanadin ta ɓace, magoya bayanta kuwa suna cewa masu zaɓe ne suka yanke hukunci.

Akwai abin da ya haɗa wannan da zaɓen ƙananan hukumomi a Najeriya?

Akwai, domin Najeriya ta ɗauki tsarin shugaban ƙasa da na tarayya irin na Amurka tun 1979, kuma sashe na 7 na kundin 1999 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓun shugabanni ne za su riƙe ƙananan hukumomi, waɗanda yawansu ya kai 774. Bambancin shi ne hukumomin zaɓe na jihohi ne suke shirya zaɓen, gwamna ne yake naɗa shugabanninsu, kuma abin da aka saba gani shi ne jam'iyyar gwamna ta lashe komai. A Kano, a zaɓen Oktoban 2024, NNPP ta ci shugabancin ƙananan hukumomi 44 da kujerun kansiloli 484, kuma jihohin da APC ko PDP suke mulki su ma sakamakonsu kusan haka yake fitowa. A Abuja kuwa, inda hukumar zaɓe ta ƙasa take gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida, zaɓen Fabrairun 2022 ya ba APC uku, PDP uku.

Hukuncin da Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke ranar 11 ga Yulin 2024 ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya kuma haramta kantomomin riƙo. Mataki ne mai muhimmanci, amma bai taɓa batun wanda zai sa ido a kan kuɗin a cikin majalisar kansiloli ba. Majalisar da duk 'ya'yanta suka fito daga jam'iyyar ciyaman ba ta da mutumin da zai ɗaga takardar kwangila ya yi tambaya, kuma irin wannan giɓin ne Pennsylvania ta nemi toshewa da ƙa'idar zaɓen biyu cikin uku.

Yaushe ne zaɓe na gaba a Pennsylvania, kuma wa zai iya shiga?

Ana zaɓen kwamishinonin gundumomi ne a shekarar da ta gabaci zaɓen shugaban ƙasa. An yi a 2019 da 2023, na gaba kuma zai zo a watan Nuwamban 2027, bayan zaɓen fid da gwani a watan Mayu. 'Yan ƙasa ne kawai da suka kai shekara 18 suke jefa ƙuri'a, ana rufe rajista kwana 15 kafin ranar zaɓe, kuma a zaɓen fid da gwani mutum ba ya zaɓa sai a jam'iyyar da ya yi rajista da ita. Tun dokar 2019, wadda 'yan majalisar jiha na jam'iyyun biyu suka amince da ita, kowane mai rajista zai iya neman a aiko masa da takardar ƙuri'a ta gidan waya ba tare da ya kawo uzuri ba. Kwamishinoni su ne hukumar zaɓen gunduma, amma a shekarar da sunayensu suke kan takardar ƙuri'a sukan sauka daga wannan aiki, babban alƙalin gunduma ya naɗa waɗanda za su riƙe shi. Halartar zaman majalisa kuwa ba ta buƙatar katin zaɓe, domin doka ta ba mazauna gunduma da masu biyan haraji damar su yi magana kafin kwamishinoni su kaɗa ƙuri'a a kan abin da ke cikin ajanda.